Ɗan Majalisar Jiha da Kujerar Wakili Mai Ci: Takarar Obama da Rush a Shikago, 1999–2000

Ranar Talata, 21 ga watan Maris na shekarar 2000, aka yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokrat a mazaɓa ta ɗaya ta Jihar Ilinoi, a ƙasar Amurka. Da aka gama ƙirga ƙuri'u, sai aka tarar wakilin da ke kan kujera, watau Bobby Rush, ya sami kashi 61 daga cikin 100. Wanda ya bi masa, wani ɗan Majalisar Dattijan jihar mai shekara 38 da haihuwa, kashi 30 ya samu. Sunansa Barack Obama. Wannan ita ce kaɗai kujerar da ya taɓa nema a duk rayuwarsa ta siyasa bai samu ba.

Da yake an zaɓi mutumin Shugaban Amurka a 2008, galibin masu ba da labarin sukan ɗauki wannan kaye tamkar ɗan tuntuɓen da gwarzo ya yi a kan hanya. Amma ga ɗalibin sha'anin mulki, da ma'aikacin da aikinsa ke haɗa shi da 'yan majalisa, abin nazari yana wani wuri dabam. Me ya sa tumɓuke wakili mai ci yake da wuya haka, har mutum mai ilmi da basira ya sha kaye da ratar ninki biyu? Kuma a wane hali ne irin wannan yunƙuri yake cin nasara, tun da yake an taɓa yinsa an ci, har ma a wannan mazaɓa kanta?

Sunayen majalisun ba baƙi ba ne ga mai karatu a Nijeriya, gama daga Amurka tsarin mulkin 1979 ya aro fasalinsu. Sai dai akwai bambanci. A Amurka wakili shekara biyu kaɗai yake yi ya koma neman ƙuri'a, ba huɗu ba. Kujerun Majalisar Wakilai 435 ne, akan raba wa jihohi gwargwadon yawan jama'arsu bayan ƙidayar da ake yi kowace shekara goma. A lokacin da ake magana Ilinoi tana da 20, kowace mazaɓa da mutum wajen 570,000. Majalisar jihar kuma, wadda ke zama a garin Springfield, zaure biyu gare ta: wakilai 118 da dattijai 59. Saboda haka sanata iri biyu ne a can, na tarayya da na jiha, kuma Obama na 1999 ƙaramin ne, ɗaya daga cikin 59, yana wakiltar mutum wajen 190,000.

Zaɓen fid da gwani shi ma ba taron wakilan jam'iyya ba ne a ɗakin taro. Hukumar zaɓe ce ke shirya shi a rumfunan da aka saba, kuma a Ilinoi duk mai rajista yana iya zuwa ya ce a ba shi takardar jam'iyyar da yake so. A mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, irin mazaɓa ta ɗaya, inda rabon Rifablikan da nasara tun 1932, zaɓen Maris shi ne zaɓe. Na Nuwamba cika sharaɗi ne kawai.

Wakili mai ci yana shiga wannan fage da makaman da doka da al'ada suka ba shi. Gwamnati ce ke biyan ma'aikatan ofishinsa, na Washinton da na cikin mazaɓa, kuma babban aikin waɗannan na gida shi ne bin sawun koke-koken jama'a: tsohuwar da kuɗin fanshonta ya maƙale, tsohon sojan da takardun asibitinsa suka ɓace, ƙungiyar unguwa mai neman tallafin gyaran gidaje. Duk kukan da aka share, ƙuri'ar gida guda ce aka ajiye. Wasiƙunsa na aiki zuwa ga mutanen mazaɓa ba ya sa musu kan sarki, sa hannunsa ya isa. Ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanoni masu ba da gudummawa sun fi son zuba kuɗinsu ga wanda suka tabbata gobe ma yana nan. Bugu da ƙari, dokar wancan zamani ta hana ɗan takara karɓar fiye da dala 1,000 daga hannun mutum guda a zaɓe guda, abin da ya fi ƙuntata wa sabon shiga, wanda tilas ya bi masu bayarwa ɗaya ɗaya. Sakamakon a bayyane yake. A shekarar 2000 wakilai wajen 400 suka nemi komawa, kashi 98 daga cikin 100 suka koma, kuma uku tak aka kayar a zaɓen fid da gwani.

Kujera mai tarihi

Mazaɓa ta ɗaya ta ƙunshi yawancin kudancin birnin Shikago, inda baƙaƙen fata suka yi ta sauka tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna gudun wariyar launin fata da talaucin jihohin kudu. Ita ce ta zaɓi Oscar De Priest a 1928, baƙar fata na farko da ya shiga majalisar tarayya a ƙarni na ashirin. Tun daga 1929 ba a taɓa yanke wannan igiya ba: duk wanda ya hau kujerar baƙar fata ne. Mutanen mazaɓar suna sane da haka, kuma ba su ɗauki kujerar abin wasa ba.

A wancan zamani siyasar Shikago tana hannun wani tsari da mutanen garin ke kira inji, watau tsarin uban gida da yaransa: shugaban gunduma yana raba aikin gwamnati da kwangila, yaran kuma suna kawo ƙuri'a ranar zaɓe. Amma ko wannan inji bai iya cire wakili mai ci ba in jama'a suna tare da shi. Ralph Metcalfe, shahararren ɗan tseren da ya yi gudu tare da Jesse Owens a wasannin Olimfik na 1936, ya hau kujerar a 1971 da yardar magajin gari Richard J. Daley. Da suka ɓata saboda cin zalin da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙe, sai injin ya tsayar masa da abokin takara a 1976. Metcalfe ya kayar da shi.

Sau biyu aka tumɓuke wakili mai ci a wannan mazaɓa a zaɓen fid da gwani cikin shekaru ashirin da suka gabaci takarar Obama, kuma ya kyautu a dube su da kyau. Da Metcalfe ya rasu a watan Oktoba na 1978, ana gab da zaɓe, shugabannin gundumomi suka zauna suka sa sunan Bennett Stewart a madadinsa. Jama'a ba su manta cewa ba su suka fid da shi ba. A 1980 wani ɗan Majalisar Dattijan jiha, Harold Washington, ya fito ya kayar da shi, kuma shi ne ya zama baƙar fata na farko da ya yi magajin garin Shikago a 1983. Wanda ya gaje shi a majalisa, Charles Hayes, tsohon shugaban ƙwadago, ya yi kusan shekara goma babu mai girgiza shi. Sa'an nan a watan Maris na 1992, ana saura 'yan kwanaki zaɓe, sunansa ya fito cikin abin kunyar bankin Majalisar Wakilai: ya rubuta cak fiye da 700 ba tare da isasshen kuɗi a ajiyarsa ba. Wani kansila ya kayar da shi da 'yar rata kaɗan. Kansilan nan shi ne Bobby Rush.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar Stewart ita ce yadda ya hau. Ta Hayes kuwa ita ce takardun banki. A duka biyun, dalilin korar yana jikin mai kujera, mai ƙalubale tsintarsa ya yi kawai.

Lissafin 1999

Obama ya zaci ya ga irin wannan tsaga. A watan Fabrairu na 1999 Rush ya nemi kujerar magajin gari a hannun Richard M. Daley, ɗan wancan Daley na farko, ya sha mugun kaye: kashi 72 da kashi 28. Baƙaƙe masu yawa ma Daley suka zaɓa. Ga wanda ke kallo daga gefe, wannan alama ce ta mutumin da tauraronsa ya fara dushewa.

Akwai kuma dalilai na Obama kansa. Ya shiga majalisar jiha a watan Janairu na 1997, lokacin da 'yan Rifablikan ke da rinjaye a zauren dattijai, kuma ɗan marasa rinjaye ba kasafai ƙudurinsa ke wucewa ba, ko da yake ya taka rawa wajen dokar 1998 da ta taƙaita kyaututtukan da 'yan majalisa ke karɓa. Har ila yau, an sake zaɓensa a 1998 na shekara huɗu, don haka yana iya neman kujerar tarayya a 2000 ba tare da ya saki ta hannunsa ba. Wannan sassauci shi ke jan 'yan majalisun jihohi da yawa zuwa irin wannan takara: in an ci, riba, in an faɗi, ba a rasa kujera ba. Abin da ba su cika lissafawa ba shi ne bashi da zubewar mutunci.

Kuskuren lissafin shi ne ɗaukar zaɓe biyu a matsayin tambaya ɗaya. A zaɓen magajin gari, ana tambayar mai ƙuri'a wa zai riƙe kasafin birni da 'yan sanda da kwasar shara. Mutumin da ya ga Daley yana aikin nan daidai gwargwado yana iya zaɓensa a Fabrairun 1999, ya kuma zaɓi Rush a Maris ɗin 2000, bai yi tufka da warwara ba. Ƙin ba wa mutum sabon muƙami daban, ƙwace wanda ke hannunsa daban.

Obama ya bayyana takararsa a kakar 1999, wajen wata shida kafin zaɓe. Fitowa da wuri dole ce ga mai ƙalubale, domin yana bukatar lokacin tara kuɗi da tara sa hannun masu zaɓe da doka ta shar'anta kafin a sa sunansa a takarda, balle a Ilinoi, inda yaƙin neman zaɓen ke faɗawa tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin Shikago ke hana mutane tsayawa su saurari kowa. Sai dai ya fito kafin ya auna. Kamar yadda ya bayyana da kansa a littafinsa The Audacity of Hope na 2006, bayan ya riga ya sanar ne aka yi binciken jin ra'ayin jama'a na farko. Binciken ya nuna kashi 90 daga cikin 100 na mutanen mazaɓar sun san sunan Rush, kashi 11 suka san nasa. Wajen kashi 70 kuma sun gamsu da aikin Rush. Da an yi wannan awo kafin sanarwa, da wuya a ce takarar za ta auku. An fafe gora ranar tafiya.

Abubuwa biyu suka biyo baya, waɗanda aka fi ambata in ana neman dalilin kayen. A watan Oktoba wasu 'yan bindiga suka harbe ɗan Rush mai shekara 29 a kudancin birnin, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Obama ya dakatar da yaƙin neman zaɓe na wani lokaci, gama babu mai hankalin da zai soki uban da ke zaman makoki. Rush kuwa ya fito daga wannan musiba yana magana a kan bala'in bindiga da muryar wanda abin ya ci a gidansa, a mazaɓar da iyaye da yawa suka binne 'ya'yansu ta wannan hanya.

Na biyun ya shafi bindiga shi ma. A farkon Disamba Kotun Ƙoli ta Ilinoi ta soke wata doka ta 1994 wadda ta mai da yawo da bindiga ba bisa ƙa'ida ba babban laifi; ta soke ta ne saboda an cusa al'amura dabam-dabam cikin doka guda, abin da tsarin mulkin jihar ya hana. Gwamna George Ryan ya kira zama na musamman don a maido da ita. Aka yi ta ja-in-ja har hutun Kirsimeti, Obama ya tafi Hawai da iyalinsa gaida kakarsa. Sai aka kira ƙuri'a a ƙarshen wata, a daidai lokacin da 'yarsa mai wata 18 ta kwanta rashin lafiya. Ya zauna da ita, bai dawo ba, ƙudurin kuma ya faɗi da rashin 'yan ƙuri'u. Ƙuri'arsa ita kaɗai ba za ta cece shi ba, amma wannan hujja ce ta lauya. Abin da ya shiga kunnen jama'a shi ne cewa yana bakin teku lokacin da ake ƙuri'ar bindiga, wata biyu bayan an harbe ɗan abokin takararsa.

Ko shakka babu waɗannan sun ƙara faɗin rata. Amma bai kamata a ɗora musu kayan da ba nasu ba. Gamsuwar kashi 70 ta riga su zuwa. Ainihin matsalar ita ce Obama ba shi da laifin da zai nuna a jikin Rush. A kan kiwon lafiya da makarantu da bindiga da kuɗin maganin tsofaffi, bambancin ra'ayinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ce ya fi iyawa, sabon jini ne, zai fi jawo ci gaba. Wannan kuwa hujja ce ta neman aikin da babu kowa a kai, ba ta korar mai aiki ba.

Da babu saɓanin manufa, sai takarar ta koma kan asali, kuma a nan ne Rush ya fi ƙarfi. An haife shi a Jihar Jojiya a 1946, ya taso a Shikago, yana cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar Black Panther na Ilinoi a 1968. Abokin gwagwarmayarsa Fred Hampton 'yan sanda suka kashe shi a gidansa da asubar 4 ga Disamba, 1969. Dattawan mazaɓar, waɗanda su ne suka fi fitowa zaɓen fid da gwani, sun ga wannan zamani da idonsu. Obama kuwa an haife shi a Hawai, ubansa ɗan Kenya, uwarsa farar fata daga Kansas. Ya yi karatun lauya a Harvard, yana koyarwa a Jami'ar Shikago, yana zaune a unguwar Hyde Park da ke kewaye da ita. Jami'ar nan tana da tsohuwar tsama da unguwannin baƙaƙe na maƙwabta tun shekarun 1950, lokacin da aka rushe gidaje da sunan sabunta gari. Rush ya yi masa ba'a da cewa boko ya ruɗe shi. Donne Trotter, wani ɗan Majalisar Dattijan jiha da shi ma ya shiga takarar, ya faɗi abin da ya fi haka zafi, cewa ana yi masa kallon ɗan aiken fararen fata.

Zargin bai yi adalci ba. Obama ya yi shekara uku, daga 1985 zuwa 1988, yana aikin haɗa kan talakawan kudancin birnin, kuma a 1992 ya shugabanci gangamin da ya yi wa mutum wajen 150,000 rajistar zaɓe. Amma yadda yake magana a wancan lokaci, da dogon bayani irin na aji, ya taimaki masu zargin. Malamin da ya saba a ba shi awa guda yakan sha wuya a mumbarin coci, inda ake auna mutum cikin minti biyar.

Ya tara kuɗi wajen dala rabin miliyan, abin da ba a raina ba ga sabon shiga, amma bai isa sayen lokaci mai yawa a talabijin na Shikago ba. Jaridar Chicago Tribune ta goyi bayansa. Ana gab da zaɓe kuma sai aka ji muryar Shugaba Bill Clinton a rediyo yana roƙon a mai da Rush, alhali ba kasafai shugaba mai ci ke sa baki a takarar cikin gida ta jam'iyyarsa ba. Farin jinin Clinton a wurin baƙaƙe a lokacin ba shi da na biyu. Ranar zaɓe Obama ya yi rinjaye a unguwannin fararen fata na kudu maso yamma, irin su Beverly, amma ya faɗi warwas a unguwannin baƙaƙe, waɗanda su ne wajen kashi biyu cikin uku na mazaɓar. Trotter ya tashi da kashi 7. Ko da an haɗa nasa da na Obama, ba su kai ko kusa ba.

Mako biyu kafin wannan rana, a 7 ga Maris, an yi irin wannan takara a Jihar Kalifoniya, aka sami akasin sakamako. Hilda Solis, ita ma 'yar Majalisar Dattijan jiha, ta ƙalubalanci Matthew Martinez, wanda ke kan kujera tun 1982, ta sami fiye da ninki biyu na ƙuri'unsa. Ba za a ce ta fi Obama basira ba. Abin da ta samu shi ne wakilin da ya yi nisa da mutanensa: ra'ayinsa a kan cinikin ƙasa da ƙasa da dokokin bindiga ya saɓa wa na mazaɓar, har ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka saba tsayawa bayan mai ci, suka juya masa baya suka bi ta. Bayan 'yan watanni Martinez ya koma jam'iyyar Rifablikan. Solis ita ce Obama ya naɗa ministar ƙwadago a 2009.

Obama ya fito daga takarar da bashi. Da ya je babban taron jam'iyya a Los Angeles a watan Agusta na 2000, kamfanin hayar mota ya ƙi karɓar katin bankinsa da farko, kuma bai sami takardar shiga tsakiyar zauren ba. A 2001, da aka sake shata mazaɓun tarayya bayan ƙidaya, Ilinoi ta koma kujera 19, wakilai masu ci na jam'iyyun biyu suka daidaita a kan taswirar da za ta kare su, gidan Obama kuma ya faɗa wajen mazaɓar Rush. Tsarin mulki bai ce sai ɗan takara yana zaune cikin mazaɓa ba, zaman jiha ya isa. Amma saƙon ya isa inda aka aika shi. Wannan ma makami ne na mai ci, watakila mafi kaifi: yana da baki wajen zaɓen waɗanda za su zaɓe shi.

Taswirar majalisar jiha kuwa ta faɗa hannun 'yan Dimokrat, bayan hukumar shata ta kasa daidaitawa aka zaro sunan mai raba gardama daga cikin hula, bisa tanadin tsarin mulkin jihar na yin ƙuri'ar sa'a. Obama ya sa aka miƙa mazaɓarsa arewa, ta bi gaɓar Tafkin Mishigan har unguwannin masu hannu da shuni na tsakiyar birni. Ya karanci ƙuri'un Maris ɗin 2000 daidai: ƙarfinsa yana wurin haɗa baƙaƙe da fararen fata masu sassaucin ra'ayi, ba wurin ƙwace wa ɗan gida gidansa ba. A 2004 ya nemi kujerar Majalisar Dattijai ta tarayya, wadda mai ita, Peter Fitzgerald, ya ce ba zai sake tsayawa ba. Ya ci zaɓen fid da gwani da kashi 53, ko da yake Rush wani ɗan takara ya mara wa baya, ya kuma ci babban zaɓe da kashi 70, baƙaƙen kudancin Shikago suna cikin waɗanda suka fi ba shi ƙuri'a.

Rush ya goyi bayan Obama a takarar shugaban ƙasa ta 2008. Ya ci gaba da zama a kujerarsa, ana ƙalubalantarsa lokaci lokaci yana kayarwa, har ya sauka don kansa a watan Janairu na 2023, bayan shekara 30. Da ya sanar ba zai sake tsayawa ba, mutum 17 suka fito neman tutar Dimokrat a zaɓen fid da gwani na Yunin 2022. Jonathan Jackson, ɗan Jesse Jackson, shi ya ci, da kashi 28 daga cikin 100.